Gargaɗi kan damfarar "bod ya ƙone" a gyaran fitilar jiniya

Direbobin motocin asibiti da na 'yan kwana-kwana, da jami'an da ke sa hannu a takardar kuɗin gyara, a yi hattara. Akwai masu kiran kansu ƙwararru a gyaran doguwar fitilar nan mai walƙiya da ke kan rufin mota, kuma kalmarsu ɗaya ce kullum: "Ranka ya daɗe, bod ya ƙone, sai an sayo sabo." Sau da yawa bod ɗin, wato faifan kayan lantarki da ke cikin fitilar, lafiyarsa ƙalau.

Lalacewa da yawa daga wutar motar kanta take fitowa. Ko dai an juya ja da baƙi wajen jona batir don tayar da mota, ko an yi walda a jikin mota ba a cire kan batir ba, ko kuma rewaya ya zare kan batir inji na aiki wai yana gwada altaneta. Wannan ɗabi'a ta ƙarshe mugun abu ce. A motar volt 12 kamar Hiace, wutar da ya kamata ta tsaya tsakanin 13.8 da 14.4 tana iya tsalle ta haura volt 60 cikin ƙiftawar ido. Masu ƙera fitilar sun san da haka, shi ya sa suke sa fis a kan wayar wuta, da wani ɗan diyod mai suna TVS daidai inda wuta ke shiga bod. Aikin diyod ɗin ya shanye bugun. Idan bugun ya fi ƙarfinsa sai ya mutu a haɗe, ya zama shot, fis ya tsinke, sauran kayan su tsira. Alamarsa ita ce duk sabon fis da aka sa nan take yake tashi.

Gyaran gaskiya bai kai awa guda ba. A sa mita a kan ƙafafun diyod, idan ta nuna a haɗe yake ta kowane ɓangare, a ɗaga ƙafa ɗaya da dalma a sake aunawa. In shot ya ɓace daga bod, an kama mai laifi. A sa sabo mai lamba irin ta wanda aka cire, a mayar da fis mai amfiya daidai da na asali. Kafin a ba shi wutar batir kai tsaye, a ratsa ƙwan sigina mai wat 21 a kan jar waya: idan ya kama da cikakken haske ya tsaya cak, da sauran shot. Sannan a duba ko volt 5 na isa ga ɗan ƙwaƙwalwar da ke sarrafa walƙiya.

To, ga abin da macuci yake yi. Ya sa filaya ya guntule diyod ɗin ya yar, ya naɗa zaren waya a gurbin fis, ya goge bod da fetur ya yi ƙyalli, ya kawo takardar kuɗin sabo. Fitila za ta kama a gabanka, ka biya kana godiya. Amma yanzu ba ta da mai tsaro. Bugu na gaba kai tsaye zai wuce cikin ƙwaƙwalwar, a lokacin bod zai ƙone da gaske. Kuma wayar da ba fis, in ta goge da ƙarfen rufi, zafi za ta yi ta narka robarta a saman motar da ke ɗauke da tukunyar iskar numfashi.

Wani salon ya fi wannan rashin imani. Idan fitilar ta asali ce, irin su Whelen ko Federal Signal da ke zuwa da motocin da aka shigo da su, sai ya ce a bar masa ita ta kwana. Ya cire bod mai kyau da wasu jerin ƙwayayen, ya maye gurbinsu da ɗan akwatin walƙiya mai arha irin na kwalliyar babur, ya ajiye na asalin don sayarwa. Cikin gareji ba za ka gane ba. Fito da ita tsakar rana ka ja baya kamar taku hamsin: ƙwayayen da aka sauya dishi-dishi za ka gan su, shuɗinsu ma ya bambanta, kuma maɓallin sauya salon walƙiya ya daina aiki. Haka nan idan ɓangare ɗaya ya tsaya a kunne ba ya ƙiftawa, yawanci MOSFET ɗin wannan layin, wato ɗan makunnin lantarki da ke kunna shi yana kashewa, shi ne kawai ya mutu. Shi kaɗai ake canjawa, ba bod gaba ɗaya ba.

A babbar motar kashe gobara mai volt 24 a duba takardar jikin duk abin da aka sa. Kayan volt 12 zalla ba sa jure wannan wuta.

Masu tsohuwar fitila mai bututun gilas kuma, kada ganin ana cuta ya sa ku buɗe da kanku. Kafasitarta, wato ɗan abin da ke tara wuta a cikinta, na riƙe ɗaruruwan volt ko bayan an kashe; ba a taɓa ta sai an cire wuta an jira aƙalla minti goma, an kuma auna.

Kafin a miƙa fitila, a buɗe murfi a ɗauki hoton bod da lambobinsa, a ɗiga jan farce a kusurwar bod da bayan kowane jerin ƙwai. A ce a auna a gabanku, a kuma dawo muku da duk abin da aka cire. Lokacin karɓa, a nemi ganin diyod a mazauninsa da fis na gaske kusa da batir. A sunsuna murfin ma: idan yana warin tsami, silikon ɗin gilashin taga aka shafa, tururinsa na cin jan ƙarfen bod. Sannan a leƙa ƙasan fitilar a tabbata ba a toshe ɗan ramin da take shan iska ba, don in an toshe shi raɓa za ta taru a ciki tun ruwan farko na damina.