Batir mai ruwa ko litiyom, ga abin da na gani a gidana

Ɗan'uwa, kan batirin da za ka haɗa wa solar gidanka, tubula mai ruwa ko litiyom, ni duka biyun sun kwana a gidana, kuma kai tsaye zan ce maka ka ɗauki litiyom ko da sai ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin.

Bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya gagare ni, sai na yi saurin ɗauko tubula huɗu masu 200Ah. Arahar ranar siye ce kawai alherinsa, daga nan sai ɗawainiya, kullum kana leƙa ruwa kana ƙarawa, ga warin asid a lungu, kuma zafin Kano na watan Afrilu cinye shi yake yi. Abin da ba a gaya min ba shi ne rabin cajinsa kawai ake so ka sha, wato 9.6kWh (yunit na wuta) ɗin da huɗun ke da shi a kan takarda bai wuce 4.8 a hannunka ba, mu kuwa muna tatse shi har ƙasa kowane dare, shekara biyu ba ta cika ba ya fara sakin mu ƙarfe biyun dare.

Gab da azumin 2025 na sa litiyom ɗaya mai 5kWh, irin LiFePO4 da ake maƙalawa a bango. Shi kana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba ya jin komai, ka ga kusan aikin waɗancan huɗun ke nan. Wallahi daren farko na tashi sahur na leƙa ɗakin Hajiyarmu, fankarta na juyawa tana barcinta lafiya, ita da a da take fitowa tsakar gida da tabarma da mafici tana jiran asuba. Da magariba kuma ruwa mai raɓa muka sha daga firjinmu, ba a aiki yaro neman ƙanƙara ba. Wannan kaɗai ya biya ni.

Amma don Allah ka kula da masu sayarwa, akwai marasa tsoron Allah da suke tattaro tsofaffin sel, wato ƙananan batiran da ake haɗa babban da su, su zuba a sabon akwati su manna 5kWh. Ka je da mai haɗin da ka yarda da shi, a kunna BMS ɗin, wato na'urar cikin batirin da ke kula da cajinsa, a gabanka ka ga sau nawa aka taɓa cajinsa, garanti kuma a rubuce da hatimin shago, ba na baki ba. In farashin ya yi sauƙi da yawa ka bar musu kayansu.

Kafin ma ka siya, canza ƙwayayen gidan zuwa LED, ka sa fanka mai DC, wato irin wadda ke aiki da wutar batir kai tsaye, guga da hita kuma a bar su sai rana ta take. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar fanel duk bayan kwana biyu-uku, in ba haka ba batirin ba zai cika ba ka ɗauka shi ne da laifi.