Hash ɗin da Python ke bayarwa da wanda za ka rubuta da hannunka

Ɗan'uwanmu na Argungu ya kawo tambaya wannan zaure jiya da dare. Yana rubuta manhajar rajistar manoman shinkafa na ƙungiyarsu da harshen Python, kuma ya lura cewa idan ya zuba lambobi ko sunaye a cikin set, wato ma'ajiyar Python da ba ta riƙe abu ɗaya sau biyu, maimaici yakan ɓace da kansa, amma da ya ƙera nau'insa na Manomi da class ya zuba, sai mutum ɗaya ya fito sau biyu. Da ya ƙara __eq__ kuma, wato ƙa'idar da ke faɗin lokacin da manoma biyu suke mutum ɗaya, Python ta ƙi karɓa baki ɗaya, ta ce nau'in ba shi da hash. Yana son sanin inda bambancin yake.

Malam, set da dict (ma'ajiyar da ake ciro abu da makullinsa) ba sa bin kaya ɗaya bayan ɗaya idan ana neman abu. Suna tatso lamba daga jikin abin, wato hash, lambar ta nuna musu gurbin da za su duba, kamar mai sito da ya san layin da buhunan kowane manomi suke, sannan su tabbatar da alamar kwatance == cewa abin da suka tarar shi ne ake nema. Daga nan ƙa'idar ta fito: duk abubuwa biyu da == ya ce ɗaya ne, dole hash ɗinsu ya zo ɗaya. Abubuwa mabambanta na iya haɗuwa a lamba guda, wannan karo ne kawai, ba laifi ba ne.

A nau'o'in da Python ta zo da su an riga an ƙulla wannan yarjejeniya. Hash na 5 shi ne 5, kuma tunda 1 da 1.0 da True daidai suke a wurin ==, hash ɗinsu ɗaya ne, shi ya sa ukun ke zama abu guda a cikin set. Wani abin mamaki shi ne hash na -1 yana ba da -2, domin a cikin lambar C da aka gina Python da ita an keɓe -1 don alamar kuskure. Rubutu kuwa yana da wani hali da yakan yaudari sababbin hannu: tun Python 3.3 ta 2012, hash na kalma ɗaya yana sauyawa duk lokacin da aka sake kunna manhaja, saboda an gano cewa maharin da ya san lissafin zai iya turo dubban kalmomi masu karo da juna ya durƙusar da sabar yanar gizo, kuma daga 3.4 ta 2014 aka koma amfani da wani tsarin lissafi mai wuyar hasashe da ake kira SipHash. Saboda haka kada ka ajiye hash a rumbun bayanai a matsayin lambar shaidar manomi, gobe ba za ka same ta ba. Shi kuwa list, wato jerin abubuwa, ba a ba shi hash ba sam, tunda ana iya sauya cikinsa.

Nau'in da ka ƙera labarinsa daban ne, kuma nan ne matsalarka take. Python ba ta san mene ne manomi ba, don haka sai ta ɗauki kowane abu da ka ƙirƙira a matsayin mai zaman kansa, ta lissafa hash daga shaidarsa a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ka shigar da mutum ɗaya sau biyu, ita mutum biyu ta gani. Da ka rubuta __eq__ ka sauya ma'anar daidaito, tsohon hash ya daina dacewa da ita, shi ya sa Python 3 take mayar da __hash__, mai lissafa hash ɗin nau'in, ya zama None, wato babu, da gangan. A ganina gata ta yi maka, domin harshen Java ba ya yin haka: ka rubuta equals ka manta hashCode, takwarorin __eq__ da __hash__, manhajar za ta tashi lafiya lau, HashSet, wato set ɗin Java, ya riƙa tara maimaici ba tare da ko gyaran murya ba. C++ ta fi tsauri, ko std::pair, mai haɗa abubuwa biyu, ba ta ba shi hash ba, sai ka rubuta naka.

Gyaran layi ɗaya ne: a cikin __hash__ ka tattara filayen da __eq__ ke dubawa a tuple, wato jerin da ba a iya sauya shi, ka miƙa wa hash ɗin Python. Kada ka haɗa lambobin da tarawa, domin 3 da 7 za su yi karo da 7 da 3, alhali tuple yana la'akari da jeri. Kada kuma ka mayar da lamba ɗaya ga kowa. Ƙa'ida ba ta karye ba, amma da manoma dubu goma kowane nema zai koma bin layi daga farko.

Abin da ya fi layin wuya shi ne zaɓen filayen. Suna ba zai yi ba, masu suna ɗaya a gunduma guda sun fi a ƙirga. Lambar waya ma ba ta yi ba, domin manomi na iya sauya layi bayan girbi, kuma da zarar filin da hash ya dogara da shi ya sauya alhali abin yana cikin set, ya zauna ke nan a tsohon gurbi ana nemansa a sabo: yana nan a ciki, amma idan ka neme shi da kalmar "in" ta Python za ta ce babu shi. Yawan buhuna da girman gona duk masu sauyawa ne. Ni da ni ne, lambar rajistar da ƙungiya ta ba shi kaɗai zan sa a __eq__ da __hash__.

Idan Python ɗinka ta kai 3.7, dataclass, wato hanyar gajarta rubuta class, mai frozen=True zai rubuta maka duka biyun, ya kuma hana sauya filaye. Sai dai yana duba dukkan filayen, don haka waɗanda ba ka so su shiga kwatance, kamar lambar waya, sai ka sa musu compare=False.