Shengjian na naman shanu a wani ɗan lungu na Shanghai: farantin farko kawai zan yaba

Wanda ya san abincin Shanghai ya san matsalarmu da shi: alade da giyar Shaoxing sun shiga kusan kowace tukunya. Romon da ke cikin xiaolongbao, wato ƙullin fulawa mai nama da ake turarawa, ma da fatar alade ake yin sa. Shi ya sa wannan ɗan shagon mai koren allo na "qingzhen", wato halal, ya ba ni mamaki, don shengjian ɗinsu na naman shanu, wato soyayyen ƙullin fulawa mai nama da romo a ciki, ya kai a yi masa layi.

Kwaɓin fulawar mai ɗan yisti ne, bai tashi sosai ba. Suna dafa ƙashi da jijiyar shanu har romon ya yi kauri, a bar shi ya daskare, a yayyanka a cakuɗa da niƙaƙƙen nama, a ƙunshe a cikin kwaɓin. Sai a jera ƙullin a faffaɗan kaskon ƙarfe, manne da juna, a soya gindin da mai, a zuba ruwa, a rufe da murfin katako. Mai suyar yana ta jujjuya kaskon a kan wuta don kada gefe ɗaya ya ƙone. Kamar minti 10 sai ya buɗe, ya barbaɗa riɗi da ganyen albasa. Gindin ya yi ƙanzo ja kamar bakin masar da ta ji mai, saman kuma laushi. Da "liang", wani ma'aunin nauyi na China, ake sayarwa, guda 4 ke nan.

Kada ka gatsa gaba ɗaya, wallahi sai ya sale maka baki ya ɓata maka riga. Huda gefe kaɗan, hura, tsotse romon, sannan ka tsoma sauran a baƙin khal na Zhenjiang. Khal ɗin ne ke kashe maiƙon.

To amma faranti na biyu ya zubar musu da mutunci a idona. Ragowar kaskon da ya huce suka kwaso mini. In shengjian ya jima a ajiye, fatar tana shanye romon, ƙanzon ya saki, kitsen shanu kuma ya fi na alade saurin daskarewa, sai ka ji ya shafe maka dasashi. Biyu ma sun fashe wajen ɓamɓarowa, ba ko ɗigon romo a ciki. Kuɗi ɗaya da na mai zafi, kuma ba ko sannu. Saboda haka ka tsaya kusa da kaskon, in ba ka ga an ɗaga murfi a gabanka ba, ka jira na gaba.

Romon kori da naman shanu, wanda 'yan Shanghai ke kora shengjian da shi, tsararo ne, yanka uku ko huɗu sirara suna yawo a kwano. Yaji babu, sai man barkonon kan tebur. Taliyar man albasa da dama-dama, sai dai an bar ganyen albasar ya wuce ruwan ƙasa ya koma baƙi, ɗaci ya fito, ga sukari a ruwan waken suyar ya yi wa harshen Bahaushe yawa. Ita ma ka juya ta nan take, in ba haka ba ta dunƙule.

Zan koma, amma da sassafe lokacin da kasko ba ya hutawa, kuma shengjian kaɗai.