Sabulun sitiroberi na shagunan kwalliya: ƙamshi akwai, ɗan itacen fa?

Duk wadda ta shiga layin masu kayan kwalliya a kasuwar Garwa ko ta Marwa, a arewacin Kamaru, ta san sabulun nan mai ruwan hoda, wanda aka zana jan ɗan itace a kwalinsa aka rubuta "fraise", wato sitiroberi. Mai shago zai ɗaga shi ya ce, "Hajiya, wannan yana goge tabo, yana sa fata sheƙi, bitamin C ne zalla." Kamfanoni da yawa ke yin sa, amma kusan duk kanwar ja ce, shi ya sa muka haɗa su a magana ɗaya.

Abin yabonsa ba ya ɓuya. Yana kumfa sosai, yana fitar da gumi da maiƙo, ƙamshinsa kuma yana daɗewa a jiki. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke wuce digiri 40, sabulun wanka ne mai kyau. Iyakarsa ke nan.

A juya bayan kwalin a karanta jerin kayan haɗi. Ƙa'ida ita ce a fara da abin da ya fi yawa, a gangaro zuwa mafi ƙanƙanta. Sunan sitiroberi a wannan jeri shi ne Fragaria. A yawancin waɗannan sabulai ko dai babu shi sam, ko kuma yana can ƙarshe, bayan Parfum da lambar launi mai farawa da CI. Ma'ana, ƙamshin turare ne aka haɗa, jan kuma rini ne. Ko da an zuba ruwan ɗan itacen na gaske, bitamin C ba ya jure zafi da haske da iska, balle sabulun sanda da ke da kaifi irin na kanwa. Ma'aunin pH, wato awon tsami da kaifin kanwa, na irin wannan sabulu yana kai 9 zuwa 10, ita kuwa fatar mutum tana wajen 5. Sabulun da ya yi watanni a kan tebur rana na dukansa, wanda kuma ake wanke shi daga jiki cikin minti ɗaya, babu bitamin da zai bari a fata. Wannan kaifin ne ma ke sa fuska ta ɗaure bayan wanka, a lokacin hunturu har ta yi fari-fari ta fara tsagewa a gefen baki. Mai busasshiyar fata ko mai ƙuraje kada ta kai shi fuskarta.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne mai rubutun "éclaircissant", wato mai haska fata. Sitiroberi ba ya mayar da baƙa fara. Idan sabulu ko man da ake haɗawa da shi ya haska mutum cikin mako biyu, to akwai wani abu a ciki, galibi sinadarin bilicin mai suna hydroquinone, ko maganin kumburi irin clobetasol, ko sinadarin makuri. A watan Agustan 2022 Ministan Lafiya Manaouda Malachie ya haramta shigo da kayan shafa masu irin waɗannan sinadarai da sayar da su a Kamaru, amma ba su ɓace daga kasuwa ba. Ƙarshensu fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, kumatu su ƙone su yi baƙi. Kwalin da babu jerin kayan haɗi, babu adireshin kamfani, a ajiye shi.

Amfanin sitiroberi na gaske a ci yake. Giram 100, kamar 'ya'ya shida zuwa takwas matsakaita, yana da bitamin C wajen miligiram 59, alhali mace baliga tana buƙatar 75 a rana, namiji 90. Da wannan bitamin jiki ke gina sinadarin kolajin da ke riƙe fata da dasashi, shi ke taimaka wa rauni ya warke, yana kuma sa jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe daga wake da ganye. Kashi 91 cikin ɗari ruwa ne, sukarinsa bai kai giram 5 ba. Sai dai ɗan itacen ƙasar sanyi ne, irin tsaunukan Jos, kafin ya iso nan ya sha hanya ya yi tsada. Gwaiba ta ninka shi bitamin C fiye da sau uku, garin 'ya'yan kuka ma ba baya ba.

Wanda ya samu ɗanye ya zaɓi ja har wuya, mai ɗanyen ganye a kai, domin ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi. Kada a wanke sai za a ci, kuma a wanke kafin a cire ganyen, in ba haka ba ruwa ya shiga ciki ya yi lami. A firji kwana biyu zuwa uku ne. Ɗaya ya fara fitar da furfura, a cire shi nan take kafin ya shafi sauran.

Mai son shafawa a fuska ta murje guda biyu da cokali, ta haɗa da babban cokali ɗaya na kindirmo marar sukari da ƙaramin cokali na zuma. Ta fara gwadawa a cikin damtse ta jira kwana ɗaya, domin akwai waɗanda yake sa wa ƙaiƙayi da borin jini. Minti goma ya isa, sau ɗaya a mako, da yamma, ba tare da gurzawa ba, saboda ƙananan ƙwayoyinsa suna karce fata. Zai sa fuska ta yi laushi na ɗan lokaci, amma ba ya cire tabo. Haɗin nan kuma da ake yaɗawa na goge haƙori da sitiroberi da hodar baking soda, a bar shi: tsaminsa yana cinye rufin haƙori, rufin nan kuwa in ya tafi ba ya sake tsirowa.