PlayStation 5 a gidan mutumin Kano: ta cancanci kuɗinta?

Na daɗe ina amfani da PlayStation 5 a gidana, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne na'urar wasan gem ce mai kyau ƙwarai, sai dai kuɗin da mutum zai miƙa wa mai shago ranar da ya saye ta ba shi ne kuɗinta na gaskiya ba. Ragowar yana nan tafe a wuta da data da faifan wasa, kuma wannan ragowar ce ya kamata ta yanke wa mutum hukunci kafin ya taka ƙafa zuwa kasuwa. Na ga mutane da yawa sun yi tari na watanni, sun saye ta cikin murna, bayan ɗan lokaci ta koma kayan adon falo an lulluɓe ta da ƙyalle, saboda ba su yi lissafin abin da za su ciyar da ita ba.

Kamfanin Sony ya fito da ita a watan Nuwamba na 2020, mai ɗaukar faifai a kan dala 499, marar ɗauka kuma a kan dala 399. A da, al'adar irin waɗannan na'urori ita ce su riƙa saukowa a farashi idan sun kwana biyu a kasuwa, to amma wannan ta saɓa, domin a watan Agustan 2025 ma ƙarin dala 50 aka yi mata a Amurka. Mu kuma a nan namu nauyin biyu ne, tun da a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nema wa kanta daraja, dalar da gwamnati ke bayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a cikin 2024. Wanda ya ce zai jira ta yi araha, to ya sani cewa waɗanda suka yi wannan jiran a baya ba su ci riba ba.

Abin da ya fara burge ni da ita shi ne sauri. Duk wanda ya yi zamanin PlayStation 4 ya san zaman jiran da ake yi kafin wasa ya buɗe, har mutum ya tashi ya sha ruwa ya dawo bai gama ba. A nan wannan jiran kusan babu shi, saboda ma'ajiyarta irin wadda ba ta da faranti mai juyawa ce, kuma an gina na'urar gaba ɗaya a kan saurinta. A cikin Spider-Man 2, wanda ya fito a 2023 kuma babu shi a PlayStation 4, mutum yana zaɓar wuri a taswirar birnin, kafin ya gyara zama ya riga ya isa can. Ba ta da ƙara kuma. Tsohuwar da nake da ita takan yi gurnani idan wasa ya yi nauyi har sai an ƙara sautin talabijin, wannan kuwa da daddare ma da ƙyar nake jin fankarta.

Hannun da ake riƙewa, wanda suka sa wa suna DualSense, shi ne ya fi komai ba ni mamaki, kuma shi ne abin da bayani ba ya isar da shi sai an taɓa. Akwai wani ɗan wasa da ke zuwa a cikin na'urar kyauta, Astro's Playroom, da aka yi shi musamman don nuna aikin hannun. Idan ɗan mutum-mutumin ya taka yashi, sai ka ji wani ɓurɓushi a tafinka. Idan ya hau ƙarfe, sai takun ya koma ƙwas-ƙwas. Idan ruwan sama ya sauko a kan lemarsa, ɗigon yana sauka ɗaya-ɗaya a cikin hannunka, wani hagu wani dama. Maɓallan baya kuma suna yin tauri ko laushi gwargwadon abin da kake yi, ta yadda jan baka yake turje wa yatsa kamar tsirkiya ce da gaske. Na miƙa wa wani yayana da ba ruwansa da gem, ya riƙe yana ta jujjuya shi yana neman inda motsin ke fitowa. Sai dai ya kamata a sani cewa ba kowane wasa ne ke amfani da wannan fasaha yadda ya kamata ba, kuma duk wannan motsi batir yake ci, don haka hannun yana neman caji akai-akai.

Batun kyan hoto kuwa ya dogara ne da talabijin ɗin da ke gidan. Na'urar tana iya fitar da hoton 4K, wato hoto mai fitowa tar ƙwarai, wasu wasannin ma suna gudu da hoto 120 a daƙiƙa, amma wannan na biyun sai da talabijin mai iya ɗaukarsa, kuma 4K a wannan gudun yana buƙatar mashigar HDMI 2.1. Wanda zai jona ta da tsohuwar talabijin mai inci 32 ya biya kuɗin abin da idonsa ba zai gani ba.

A nan ne nake son in tsaya in yi magana da mafi yawan masu tambayata, domin na san abin da suke so. Galibinmu ƙwallo muke bugawa. A gidajen gem muka tashi, ana biya a buga wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba, kuma har gobe idan Bahaushe ya ce zai sayi gem, to Real Madrid da Barcelona yake hangowa a ransa. Wasan da muka sani da FIFA ya tsaya a FIFA 23, daga 2023 ya koma EA Sports FC, kuma FC 24 da FC 25 duk sun fito a PlayStation 4. Gaskiya ne na sabuwar na'urar ya fi kyan ciyawa da fuskokin 'yan wasa, motsinsu ma ya fi kama da na mutane, amma idan wasa ya yi zafi, ana ci ɗaya da ɗaya saura minti biyar, babu mai kallon ciyawa. Wanda ƙwallo kaɗai zai buga da abokansa a ɗaki, shawarata gare shi ita ce ya nemi PlayStation 4 mai lafiya da hannu biyu, ya riƙe ragowar kuɗinsa. Na'urar ta fito tun 2013, an sayar da sama da miliyan 100, saboda haka masu gyaranta da kayan gyaranta suna ko'ina. Abin lura kawai shi ne zamaninta yana ƙarewa, kuma manyan sababbin wasanni sun riga sun fara tsallake ta.

Sai wuta, wadda ita ce uwa-uba. A lokacin wasa mai nauyi na'urar tana jan kusan wat 200, wato awa biyar na wasa ya kai yunit ɗaya, ban da abin da talabijin ke ci. Ko ga 'yan rukunin Band A, waɗanda aka mayar wa yunit naira 225 a watan Afrilun 2024, wannan ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwar shi ne ɗaukewa ba sallama. Idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar ajiye wasa ko sabunta kanta, to da an kunna sai ta tsaya ta binciki ma'ajiyarta tana gargaɗin cewa ba a kashe ta yadda ya dace ba, kuma a irin haka ne ake rasa wasan da aka yi makonni ana ginawa. Tana da wani yanayin hutu da take ci gaba da sauke abubuwa da cajin hannu alhali kamar a kashe take, abu mai amfani a ƙasar da wuta ba ta yankewa, amma ni na daina amfani da shi, ina kashe ta ɗungurungum duk lokacin da na tashi. Ban samu natsuwa da ita ba sai da na jona ta a inbata. Ƙaramin janareto kuma ba na ba da shawararsa sai da na'urar daidaita wuta a tsakani, ga kuma kuɗin mai da kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Wanda bai da inbata ko sola, ya sa kuɗinsu a cikin lissafin gem ɗin tun farko.

Data ma haka take. Ƙirar na'urar ta farko tana zuwa da ma'ajiya mai gigabait 825, amma abin da mutum zai iya amfani da shi bai wuce kimanin 667 ba, alhali akwai wasannin da ɗaya kaɗai ya haura gigabait 100. Siririyar da ta fito a ƙarshen 2023 an ƙara mata zuwa terabait ɗaya. Ko da faifai ka saya, sau da yawa da ka saka shi sai a ce akwai gyaran da za a sauke, kuma na sha ganin datar da na saya don wata guda ta ƙare a dare ɗaya. Saboda haka nake ganin mai ɗaukar faifai ita ce ta dace da mu ko da ta fi tsada, domin faifai dukiya ce da za ka iya ara wa abokinka, ka yi musaya da shi, ko ka sayar idan ka gama, wasan da ka sauke ta intanet kuwa ya maƙale a asusunka har abada. Da ita ne kuma za ka ci gaba da buga kusan dukkan tsofaffin faifanka na PlayStation 4. Babbar yayarsu, PlayStation 5 Pro, ta fito a Nuwamban 2024 a kan dala 699 ba tare da maɗaukin faifai ba, kuma ban ga dalilin da zai sa mutumin da ke fama da wuta da data ya dube ta ba. Kishiyarsu Xbox Series S ta kamfanin Microsoft ta fi su araha, da dala 299 ta fara, amma ita ma ba ta ɗaukar faifai, kuma samun wanda za ku yi hulɗar wasa da shi a nan ya fi wuya.

Akwai wata matsalar da masu shago ba su cika faɗa ba. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da shagon PlayStation na intanet ke aiki a hukumance, shi ya sa mutane suke buɗe asusu da sunan Amurka ko Ingila, su riƙa sayen katin kuɗi na dala ko fam suna zubawa. Faifai ba ya zaɓar ƙasa, amma ƙarin kayan wasa da ake saya daga baya sai sun dace da yankin da faifan ya fito, kuma ba a canza ƙasar asusu bayan an buɗe shi. Sabon babban wasa dala 70 ne. Bugawa da mutane ta intanet kuma yana buƙatar biyan kuɗin rajistar PlayStation Plus na wata-wata ko shekara, in ban da wasannin kyauta irin su eFootball da Fortnite. Ko an biya ɗin ma, ingancin layinka ne zai yi hukunci, domin babu abin da ya kai takaicin ka danna bugu, ɗan wasanka ya amsa bayan an riga an ƙwace ƙwallon.

Ƙurar hunturu da zafin bazara kuma ba sa raga mata. Na'ura ce mai shaƙar iska da yawa, kuma duk abin da ke cikin iskar ɗakin a cikinta yake ƙarewa. An kyauta da aka yi farin murfinta mai cirewa ba tare da kwance ko noti ɗaya ba, kuma a ƙarƙashinsa, a ƙirar farko, akwai ramukan da aka tanada don zuƙe ƙura. Idan na buɗe tawa a ƙarshen hunturu, nakan tarar da jar ƙura ta kwanta a fikafikan fankar ta yi kauri, sai na bi ta da buroshi mai laushi a hankali. Kada a kulle ta a cikin kabad ɗin talabijin, musamman a watannin Maris da Afrilu.

Magidanci kuma yana da nasa lissafin da ba na kuɗi ba. A jikin kowane faifai akwai alamar shekaru, kuma wanda aka rubuta wa 18 ba wasa ake ba: irin su Mortal Kombat da Grand Theft Auto suna ɗauke da zubar da jini da abubuwan da ba mai son ɗansa ya gani. Na'urar tana ba uba damar buɗe wa yaro asusunsa daban, ya ƙayyade masa awannin wasa da irin wasan da zai buɗe da kuɗin da zai iya kashewa, kuma ina ganin wajibi ne a yi wannan a ranar farko. Abin da ya fi damuna shi ne ƙunshin 'yan wasa da ake saya a ɓangaren Ultimate Team na wasan ƙwallo, inda mutum ke biyan kuɗi bai san wanda zai fito masa ba. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018, kuma ni ma ban ga wani sunan da ya fi dacewa da shi ba, don haka a gidana na rufe wannan ƙofar.

Duk da waɗannan, ban yi da-na-sanin sayenta ba, kuma dalilina shi ne mutanen da take tara mini. Hannu ɗaya ne ke zuwa a kwali, na biyun kusan dala 70 na saye shi, amma shi ne kuɗin da na fi jin daɗin kashewa a kanta. Ƙannena da a da ba na ganinsu sai da dalili yanzu ranar Asabar bayan la'asar suna nan, ana bugawa ana gardama har a kira magariba a ajiye. Ni kuma idan na samu sarari da daddare nakan shiga wasannin labari irin su God of War Ragnarök, waɗanda suka nuna mini cewa wannan fanni ya wuce ƙwallo da dambe nesa ba kusa ba. Mai inbata da talabijin mai kyau, wanda ke son irin waɗannan wasanni kuma kuɗin ba na cefane ko na makarantar yara ba ne, ya saye ta hankalinsa kwance.

Idan tokumbo za a saya, wanda shi ne ƙarfin yawancinmu, kada a biya sai an gwada ta a gaban mai shago. A saka faifai a ga ta karanta, a bar wasa mai nauyi ya yi gudu na ɗan lokaci a ji ko za ta yi zafi ta mutu, a saki sandunan hannun a duba ko ɗan wasa yana tafiya shi kaɗai ba a taɓa ba. A jona ta da intanet a shiga da asusun kai, domin akwai na'urorin da aka haramta wa shiga gaba ɗaya, kuma ba a gane su ta ido. Wadda aka ce an cika ta da wasanni kuwa, a tambaya a asusun wa suke, saboda ranar da mai asusun ya canza kalmar sirrinsa ko ya janye izininsa, wasannin za su kulle, kuɗin da aka ƙara dominsu kuma ya tafi.