PythonScript a Notepad++: yana aiki, amma Python ɗinsa daban ne

Ga masu shagon buga takardu a unguwannin Nima da Maamobi na Accra, da masu tsara jerin sunayen ɗalibai a makarantun zango, PythonScript, wato ƙarin da ke ba ka damar sarrafa rubutu da harshen shirye-shiryen kwamfuta na Python, na cikin abubuwa mafi amfani da za a ƙara wa editan rubutu na Notepad++. Da layi goma sai ka gyara fayil ɗari. Bayan na yi aiki da shi, hukuncina shi ne: a aikin rubutu ba shi da laifi, amma wajen shigo da modul na waje, wato shiryayyen kayan aikin Python da wasu suka rubuta, yana wahalar da mutum.

Tushen matsalar ɗaya ne. PythonScript yana zuwa da Python nasa na kansa. Idan ka buga pip install, umarnin girka modul, a kwamfutarka, modul ɗin zai sauka a Python na Windows, shi kuwa na cikin Notepad++ bai san an yi ba. Sai ka ga ImportError, ka ɗauka girkawar ce ta lalace, alhali tana nan lafiya, gida ne kawai ba ɗaya ba.

Saboda haka kafin komai, buɗe tagar umarnin PythonScript ta Show Console, ka buga import sys, sannan print(sys.version) da print(sys.path). Na farko zai gaya maka sigar Python da ko bit 32 ce ko 64. Na biyu zai jera foldojin da yake leƙawa. PythonScript ɗin da ake samu ta Plugins Admin, wurin girka ƙari a cikin Notepad++, jerin 2 ne, kuma Python 2.7 yake ɗauke da shi. Jerin 3 mai Python 3 sai an sauko da shi daga GitHub an sa da hannu. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin an daina kula da Python 2.7 tun Janairun 2020. pip 20.3.4 ne na ƙarshe da ke aiki da shi, modul ɗin requests ya tsaya a 2.27.1, na numpy kuma a 1.16.6.

Hanyar da na fi yarda da ita: girka Python mai siga ɗaya da bit ɗaya da na cikin editan, ka yi pip install --target zuwa foldar lib da ke ƙarƙashin plugins\Config\PythonScript a AppData, sai ka rufe Notepad++ ka sake buɗewa. Kada ka zuba a lib ɗin Program Files. Yana neman izinin admin, kuma sabuntawa na iya share maka kaya. Akwai wani zaɓi a Configuration na PythonScript, Prefer installed Python libraries, amma idan sigogin suka saɓa ya fi ɓarna da gyara.

Modul da aka rubuta da Python zalla ba ya gardama, ko kwafe foldarsa ka yi zai tashi, muddin ka haɗa da waɗanda ya dogara da su. Mai fayil .pyd, wato wanda aka harhaɗa don wata siga da wani bit na musamman, shi ne ɗan rigima. Tsofaffin kwamfutocin da ake saye a kasuwar Circle ta Accra sau da yawa Windows ɗinsu bit 64 ne, Notepad++ kuma 32, to modul na 64 zai amsa maka da "DLL load failed". Bit ɗin editan ake bi, ba na Windows ba.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: a Python 2.7, editor.getText() bayit yake dawowa da su, ba haruffa ba. Kowanne cikin ƙ, ɗ da ɓ bayit biyu ne a UTF-8, don haka len() zai ƙirga "ƙasa" biyar. Sai ka yi decode('utf-8') kafin ka miƙa wa modul, ka yi encode kafin ka mayar. Wannan kaɗai ya isa mai rubutun Hausa ya koma jerin 3.

Idan data ta yi tsada, ko shagon ba intanet, yi pip download sau ɗaya a inda akwai, ka ɗauko a filasha, ka girka da --no-index --find-links. Amma Python ɗin injin da ya sauko da su ya kasance siga da bit ɗinsa iri ɗaya da na shagon.