Zagayen gine-ginen siminti a Yamai: abin yabawa da abin da ya rage

Wasu matasa da suka karanta ilimin zanen gine-gine suna shirya zagaye a ranakun Asabar, inda suke kai ƙaramin ayari su ga gine-ginen siminti da aka yi a Yamai bayan samun ƴancin kai. Na bi su, kuma ina ganin kuɗin da suke karɓa bai kai darajar abin da mutum yake koya ba.

Ana farawa ne daga gadar Kennedy, a ƙetara kogin Isa zuwa Haro Banda, inda Jami'ar Abdou Moumouni take. Jagoran ya ba da tarihin a taƙaice: an kafa ta a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, sannan a 1992 aka ba ta sunan masanin nan da ya ƙarar da rayuwarsa a binciken makamashin rana. Ya kuma bayyana cewa salon barin siminti tsirara ba tare da yaɓe ko fenti ba ya bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman ta hannun mai zanen gine-gine Le Corbusier, wanda ya kammala babban benen gidajen zama da ya zana a Marseille ta Faransa a 1952.

Inda zagayen ya fi armashi shi ne wajen bayanin yadda ake yaƙi da rana. Jagoran ya sa mu tsaya a bakin wata taga, ya ce kowa ya ɗora tafin hannunsa a kan bangon da rana ke duka, sannan ya matsa zuwa bangon da ke ƙarƙashin inuwar fiffiken siminti. Bambancin ya isa hujja. Daga nan ya nuna mana bulo mai huji da ke barin iska ta ratsa baranda, da yadda ake karkatar da gini domin ranar hantsi da ta la'asar kada su faɗa kai tsaye cikin aji. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, wannan ilimi ne da ya kamata masu jera gilashi a sababbin benaye su saurara, tun da sanyin ɗakunansu yakan tafi tare da wutar lantarki.

Sai dai ƙaunar da jagoran ke yi wa siminti ta sa ya tsallake aibinsa. Bai faɗa cewa bangon siminti yana shan zafi da rana ya amayar da shi da dare ba, bai kuma yi maganar yadda ruwa ke shiga tsaga ya sa rodi ya yi tsatsa har ya fasa ginin daga ciki ba. Na so a ce ya kwatanta da masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa, waɗanda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka zana da tubalin ƙasa matsattse, domin mai sauraro ya auna da kansa.

Akwai kuma matsalar lokaci. An makara wajen tashi, rana ta take kafin a kai rabi, dattawan da ke cikinmu suka galabaita, ba a kuma tanadi ruwan sha ba. Wanda zai je ya riƙe gorar ruwansa da hula, ya kuma nemi a fara da sassafe.